Barem ko karawa biyu-biyu: yadda alƙalai za su auna rubutu da tsarin shafi a gasar Hausa

Idan ƙungiyar ɗalibai a Yamai, ko kwamitin wani lise a Tawa, ko wata cibiyar yaƙi da jahilci ta shirya gasar rubutun Hausa, yawanci makonni suna tafiya a kan sanarwa da kyaututtuka da wanda zai buɗe taro. Yadda za a auna ayyukan kuwa sai a bar shi har ranar da suka taru a kan tebur. Wahalar tana ninkuwa idan abin da aka karɓa ƙasida ce, ko ɗan littafi, ko jaridar makaranta, wato aikin da mai shi ya rubuta kuma ya tsara shafukansa da kansa. Abu biyu ne a gaban alƙali, ingancin rubutu da kyan tsari, kuma ido yana riga hankali: kafin a karanta layi ɗaya, bango mai launi ya riga ya yi magana. Tun da dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, hukuncin irin wannan gasa ba ƙaramin abu ba ne, domin aikin da aka ba lambar farko shi yara za su ɗauka a matsayin Hausa mai kyau.

Hanya uku ake bi. Ko kowane alƙali ya karanta ya ba da maki guda bisa 20 yadda ya ji a ransa, ko a yi barem wanda ya raba makin kashi-kashi, ko a riƙa ɗaukar ayyuka biyu-biyu ana tambaya wanne ya fi.

Ta farkon a ajiye ta gefe. A Faransa, a 1936, masu bincike biyu, Laugier da Weinberg, sun ba masu gyara daban-daban takardun jarrabawar bak iri ɗaya, suka lissafa yawan masu gyaran da za a haɗa makinsu kafin a samu makin da za a dogara da shi: 13 a lissafi, 78 a insha'in Faransanci, 127 a falsafa. Waɗannan ƙwararrun malamai ne, kuma rubutu kaɗai suke dubawa, ba hoto ba bango. Alƙalai uku da suka zauna da rana tsaka a watan Afrilu, kowa yana ba da 12 ko 15 da ka, ba za su fi su daidaito ba. Zaɓi na gaskiya yana tsakanin barem da karawa.

Abin da barem ya iya

Duk malamin lakwal ya san barem, kuma wannan kansa riba ce: ba sai an koya wa kowa sabon abu ba. Amma a yi guda biyu, ɗaya na rubutu ɗaya na tsari, kowane bisa 20, kada a cusa su cikin takarda ɗaya.

Na tsari shi ne inda barem ya fi ƙarfi, domin kusan duk abin da ke cikinsa ana iya auna shi da rula ko a ƙirga shi da yatsa. Kashi mafi nauyi, maki 6, a ba haruffa masu lanƙwasa. Ana buɗe shafi uku a duba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a ƙaramin baƙi da babba, a rubutu mai kauri da na karkace, da kuma cikin kanun labari. Kuskuren da aka fi gani shi ne zubin harafin da aka zaɓa ba shi da waɗannan haruffa, sai kwamfuta ta aro su daga wani zubi. A takarda za ku ga kalmar «ƙwarya» duk haruffanta siririya, ƙ ɗin kaɗai ya yi kauri ya ɗan fi saura tsawo, ko kuma wani ɗan akwati fanko ya tsaya a wurinsa. Kanu shi ya fi kamuwa, domin masu tsara shafi suna son zubin ado a can, kuma mafi yawan zubin ado ba su da Ƙ da Ɗ. Babu uzuri a wannan, tunda zubin haruffan Charis, Gentium da Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL kyauta ne, haka ma Noto na Google, kuma duk suna ɗauke da haruffan Hausa. Andika an zana shi ne musamman don sababbin masu karatu. Wanda ya bar lanƙwasa baki ɗaya ya rubuta k da d tsura, sifiri ne a wannan kashi: baki ba baƙi ba ne, kare ba ƙare ba ne.

Maki 5 na girman harafi da tsawon layi da tazara. Ga manya, lamba 11 ko 12. Ga yara da ƴan ajin yaƙi da jahilci, 14 zuwa sama. A ƙirga haruffan layi uku a tsakiyar shafi, har da guraben da ke tsakanin kalmomi. Tsakanin 45 da 75 ido yana komawa farkon layi na gaba ba tare da ɓata ba. Shafin A5, mai milimita 148 da 210, yana ba da wannan cikin sauƙi. Shafin A4 da aka cika daga gefe zuwa gefe da lamba 11 yana wuce 90, shi ya sa jaridar makaranta a A4 take bukatar a raba ta gida biyu. Tazarar layi ta kai kashi 120 zuwa 145 cikin ɗari na girman harafin. A nan kuma ake duba yankan kalma a ƙarshen layi. Idan an bar kwamfuta a kan Faransanci, da dokar Faransanci take yanka Hausa, sai ta raba t da s a «tsatsa». Wanda ya kashe yankan kuma ya matse gefe biyu daidai a siririn gida, sai manyan gurabe su buɗe tsakanin kalmomi. Barin gefen dama a sake ya fi duka biyun.

Sauran maki 9 a raba su uku-uku. Gefe da jerin shafi: a bar milimita 15 zuwa 20, a ƙara a ɓangaren ɗinki, kuma ɗan littafin da aka naɗe aka ɗinke a tsakiya dole yawan shafinsa ya rabu da 4, in ba haka ba shafuka fanko su fito inda ba a so. Kanu: mai karatu ya gane babban kanu da ƙarami da kallo ɗaya, kuma zubin harafi kada ya wuce iri biyu. Hotuna da launi: a kai shafi biyu wurin fotokofi a buga su baƙi da fari. Wannan gwajin bai kai minti biyar ba, amma shi ne na gaskiya, domin yawancin waɗannan ayyuka ta fotokofi za su kai hannun masu karatu. Jan rubutu a kan kore, ko rubutun da aka ɗora a kan hoto, yana narkewa ya koma toka. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, a waya yana da kyau, a takarda sai ya farfashe.

Alƙalai biyu da suka bi wannan barem da rula a hannu, da wuya makinsu ya yi nisa da juna. Idan ma ya yi, shafin yana nan, a sake aunawa.

Inda barem yake gazawa

Na rubutu ana iya raba shi haka: 6 ga abin da aka faɗa da zurfinsa, 4 ga yadda magana take bin magana, 6 ga harshe, 4 ga ƙa'idar rubutu. Kashin ƙarshe kaɗai ake iya ƙirgawa. A ɗauki kalmomi 300 daga tsakiyar aikin, ba daga farko ba inda marubuci ya fi kula, a ƙirga kurakurai: «yayi» a wurin «ya yi», «shine» a wurin «shi ne», «akan» na sabo da aka rikita da «a kan» na wuri. Kuskure iri ɗaya sau ɗaya ake ƙirga shi ko da ya maimaitu sau goma, in ba haka ba wanda bai san doka guda ba zai fi wanda ya rikita dokoki biyar shan hukunci.

Sauran maki 16 ra'ayi ne da aka sa wa lamba. Ana iya rage ɓarnar idan an rubuta ma'anar kowane mataki a gaban lambarsa. A kashin harshe, misali, a ce 1 zuwa 2 shi ne rubutun da ake jin Faransanci a ƙarƙashinsa jimla bayan jimla, 3 zuwa 4 Hausa ce daidai amma ta sanarwar ofis, 5 zuwa 6 ita ce wadda za a karanta wa tsohuwa a gida ta gane ba tare da an fassara mata ba. Duk da haka matsala uku suna nan.

Ta farko, barem yana saka wa rashin kuskure fiye da yadda yake saka wa rai. Ga mafarin ƙasida biyu a kan ruwan sha. Ɗaya ta ce: «A cikin tsarin yaƙi da ƙarancin ruwa a matakin ƙauyenmu, mata suna fuskantar matsaloli masu yawa waɗanda ya kamata a ɗauki matakai a kansu.» Ɗayar ta ce: «Kafin kiran assalatu inna ta ɗaura bido shida a kan jaki. In ta iske layi ya kai bakin garka, ta san yau ba a dama fura sai azahar.» Ta farkon ba ta da kuskuren ƙa'ida ko ɗaya, ta ambaci jigo tun layin farko, kuma alƙalin da ke bin gidajen barem zai ba ta 3 bisa 4 a nan, 4 bisa 6 a can, har ta tara 13. Ta biyun idan ta haɗe kalma biyu ko uku da ya kamata a raba, tana iya ƙarewa da 13 ita ma. A ajiye su gefe da gefe a tambayi kowane Bahaushe wacce zai ci gaba da karantawa, ba zai yi jinkiri ba. «A cikin tsarin» da «a matakin» Faransanci ne aka sa wa rigar Hausa, kuma jimlar ba ta nuna mace ko ɗaya ba.

Ta biyu ta lissafi ce, kuma ita ce kwamitoci suka fi rashin lura da ita. A ce an yanke cewa rubutu ya ninka tsari nauyi, sai a ninka makinsa biyu. Amma alƙalai suna tsoron gefe a rubutu, sai duk makinsu ya taru tsakanin 10 da 13, alhali a tsari, inda kuskure yake a fili, suna bayarwa daga 6 har 18. Aiki na ɗaya ya samu 13 a rubutu da 8 a tsari: 26 da 8, ya tashi 34. Na biyu ya samu 10 a rubutu da 17 a tsari: 20 da 17, ya tashi 37. Wanda ya fi kowa rubutu ya faɗi a hannun wanda ya fi kowa rauni, kuma a takarda kowa ya yarda rubutu aka fifita. Abin da ke yanke hukunci shi ne faɗin tazarar makin, ba ninkin da aka rubuta ba. A ƙara da cewa mai iya tsara shafi sau da yawa shi ne mai kwamfuta a gida ko mai kuɗin biyan wanda zai tsara masa. Yaron da ya zo daga wani ƙauyen Adar da aikin da aka buga masa cikin gaggawa a kasuwa ba laifin alƙalaminsa ba ne.

Ta uku irin wannan ce amma tsakanin alƙalai. Idan ɗaya yana bayarwa daga 11 zuwa 14, ɗaya kuma daga 5 zuwa 18, matsakaicin makinsu ra'ayin na biyun ne kawai. Maganinta biyu. Kafin a fara, a zaɓi ayyuka uku, mai ƙarfi da matsakaici da mai rauni, kowa ya ba su maki shi kaɗai, sannan a buɗe a tattauna. Shugaban alƙalai ya tambaya kai tsaye: «Malam, wane layi ne ya sa ka ba shi 5 a harshe? Hajiya, ke me kika gani da ya sa kika tsaya a 2?» Awa ɗaya ta isa. Bayan an gama kuma, duk aikin da makin alƙalai biyu ya bambanta da fiye da 3 bisa 20, a ba na uku ya karanta ba tare da ya ga makin na farko ba.

Ta fuskar lokaci, ƙasida mai kalmomi 1500 tana cin kamar minti 15 tsakanin karatu da cika barem. Ayyuka 40 awa 10 ke nan ga kowane alƙali. Kada a wuce takwas ko goma a zama ɗaya, kuma kowa ya fara daga wani wuri daban a cikin tarin, domin aikin da ya biyo bayan mai kyau sosai yana shan ƙasa, wanda aka karanta a ƙarshen yini kuma gajiya ce take ba shi maki.

Karawa biyu-biyu

Tushen wannan hanya tsoho ne. Tun 1927 masanin halayyar ɗan Adam Thurstone ya kafa lissafinta a Amurka, bisa lura da cewa mutum ya fi iya faɗin wanne ya fi tsakanin abu biyu a kan ya sa wa abu ɗaya lamba. Alƙali yana ɗaukar aiki biyu, ya amsa tambaya guda da aka rubuta tun farko, misali «wanne ne rubutun Hausa mafi inganci?», ya rubuta lambar wanda ya ci da dalili a layi ɗaya. Babu canjaras, dole ya zaɓa. Tsananin alƙali ko sassaucinsa ba su da tasiri a nan: mai rowar maki da mai kyautar maki duk abu ɗaya suke faɗa, wannan ya fi wancan. Matsala ta uku ta tafi ke nan gaba ɗaya, ta farko ma ta ragu ƙwarai, domin ƙasidar inna da jakinta za ta ci ta «matakin ƙauye» a hannun kusan kowa.

Kuskuren da ake yi shi ne a tsara ta kamar kokowar takobi, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, inda wanda ya faɗi ya fita daga neman takobi. A fili wannan yana da daɗin kallo, amma a rubutu yana nufin idan ayyuka biyu mafi kyau suka haɗu a zagayen farko, ɗaya ya tafi gida ba ko lambar yabo, kuma ra'ayin alƙali guda a minti biyar ya isa ya kashe aiki. Kowane aiki ya kara da kowane, shi ne daidai.

Nan tsadarta take. Yawan karawa shi ne yawan ayyuka a ninka da wannan adadin ban da ɗaya, a raba biyu. Ayyuka 6 karawa 15 ne, 8 suna ba da 28, 10 suna ba da 45, 20 suna ba da 190, 40 kuwa 780. Ko minti uku-uku aka ba kowace, 780 awa 39 ce ga alƙali ɗaya, ban da karatun farko. Ba kwamitin sa-kai da zai iya wannan. Akwai hanyar ragewa: a yi zagaye-zagaye, a zagayen farko a haɗa da ƙuri'a, daga nan a riƙa haɗa masu yawan nasara iri ɗaya, ba tare da an fitar da kowa ba. Ayyuka 40 a zagaye 6 karawa 120 ce. Tana fito da na sama da na ƙasa sosai, amma tsakiya a cakuɗe take barin ta, kuma tana bukatar sakatare mai natsuwa da zai riƙe lissafi kada aiki biyu su sake haɗuwa.

Da ayyuka 8 da alƙalai 3 kuwa abin yana tafiya sumul. Kowa ya riga ya karanta su, don haka minti biyar ya isa karawa ɗaya: 28 sau 5, minti 140, safiya guda. Kowane aiki yana karawa 7 a gaban mutum 3, ƙuri'a 21 ke nan, a jera su bisa yawan ƙuri'un da suka ci. A zana allo mai gida 8 a tsaye 8 a kwance don kada a tsallake ko ɗaya. Kowane alƙali ya yi nasa shi kaɗai ba tare da magana ba, domin a ɗakin da akwai babban malami ko dattijo, ƙarami ba zai saɓa masa a fili ba, kuma kunya ce za ta yi hukunci. A riƙa sauya wanda ke hannun dama da wanda aka fara dubawa.

Wani lokaci za a ga na ɗaya ya ci na biyu, na biyu ya ci na uku, na uku kuma ya dawo ya ci na ɗaya. Ba alamar rashin gaskiya ba ce. Yawanci tana nuna ayyukan sun yi kusa ƙwarai, ko alƙalin ya sauya abin da yake nema a tsakiyar aiki, da safe yana bin daɗin harshe, da hantsi ya koma bin zurfin bincike. Layin dalilin da ya rubuta shi zai tona wannan.

Raunin karawa na gaske biyu ne. Ba ta gaya wa marubuci abin da zai gyara: wanda ya zo na bakwai ya san an fi shi, bai san a ina ba. Kuma idan uban wani ɗan takara ko daraktan makarantarsa ya zo da ƙorafi, takardar barem mai gida-gida ta fi sauƙin nunawa a kan a ce masa alƙalai sun ga wancan ya fi. A tsarin shafi kuma karawa ba ta da amfani sosai, har tana da haɗari: a ajiye bango biyu gefe da gefe, mai launi da sheƙi zai ci, ko da ƙ ɗinsa akwati ne a kowane shafi.

Raba rubutu da rigarsa

Kowace hanya aka ɗauka, wannan matakin shi ya fi komai tasiri, kuma shi aka fi tsallakewa. A nemi kowane ɗan takara ya kawo abu biyu: aikin yadda ya tsara shi, da rubutun tsura a fayil. Sakataren gasa, wanda ba ya cikin alƙalai, ya zuba duk rubutun cikin zubin harafi ɗaya, lamba 12, ba hoto ba suna ba sunan makaranta, ya sa wa kowane lamba. Takardar da ta haɗa lamba da suna ta shiga ambulan a liƙe. Kada sakatare ya gyara ko wasali ɗaya, kuma ya kashe gyaran kai-tsaye na kwamfuta kafin ya fara, domin yana sauya kalmomin Hausa zuwa na Faransanci ba tare da an lura ba. Ayyuka 40 masu shafi 4 ga alƙalai 3 shafi 480 ne, ƙunshin takarda 500 guda ya isa.

Rubutun tsura ake fara aunawa, a rufe makinsa, sannan a fito da ayyukan da aka tsara. Idan akwai mutane, masu auna tsari su zama daban: ma'aikacin maɗaba'a ɗaya da malamin firamare ɗaya sun fi marubuta uku ganin abin da ke damun idon mai karatu. A gari kamar Tawa, inda malamai da ɗalibai suka san juna, ɓoye suna kariya ce ga alƙalin kansa. Wanda ya gane aikin ɗalibinsa ko ɗan uwansa ya faɗa, a ba wani.

Akwai abin da dole a yanke tun a sanarwar gasa, ba ranar hukunci ba. Wace ƙa'idar rubutu za a bi? Nijar tana da tata da ma'aikatar ilimi ta tsayar a 1999, bayan taron Bamako na 1966 a kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma da na daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, kuma bambancin da ya fi fitowa fili shi ne a nan ƴ ake rubutawa inda Najeriya take sa 'y. Yawancin littattafan Hausa da matasa suke karantawa daga Kano da Zariya suke zuwa, don haka za a ga duka biyun. Ko a wajabta ɗaya, ko a karɓi kowace muddin marubuci bai gauraya su ba. Haka batun karin harshe. Ɗan Adar da ya sa tsoho a labarinsa ya ce «munka tahi» ko «lahiya lau» bai yi kuskure ba, ya ji yadda mutanensa suke magana ne, kuma wannan abin a ƙara masa maki ne. A kwamitin Yamai, inda alƙali ɗaya ɗan Damagaram ne, ɗaya ɗan Maraɗi, ɗaya ɗan Dogon Dutsi, in ba a rubuta wannan ba kowa da kunnen garinsu zai yi hukunci. Abin da ya fi sauƙin karewa shi ne a sake wa marubuci a cikin zancen mutanen labari, a nemi daidaitacciyar Hausa a bayanin marubucin kansa. Ayyukan ajami kuma a ba su rukuninsu da alƙalansu, domin ma'aunin tsarin boko bai hau kansu ba.

Wacce za a ɗauka

Idan gasar ta cikin aji ce ko ta horo, inda manufa ita ce kowa ya ƙaru, barem kaɗai, a mayar wa kowane ɗalibi takardarsa da gidajenta a cike. Idan ayyukan ba su wuce 10 ba kuma lambar yabo ake nema, a tafi karawa kai tsaye a rubutu, barem a tsari. Daga 11 zuwa wajen 60, wanda nan yawancin gasannin makarantu da ƙungiyoyi suke faɗawa, a haɗa su: baremin rubutu ya tace, mutum biyu a kowane aiki, a ɗauki 8 na sama, sannan karawa ta jera su. Barem ya iya raba mai ƙarfi da mai rauni. Abin da bai iya ba shi ne raba 14 da 14 da rabi, kuma a can ne lambar farko take. Fiye da 60, a fara da tankaɗe na sharuɗɗa, wato tsawo da jigo da lokacin kawowa, a raba tarin ga ƙungiyoyin alƙalai bibbiyu, amma ayyukan gwaji ukun nan kowa ya auna su tare.

Game da haɗa makin rubutu da na tsari, abin da ya fi tsabta shi ne kada a haɗa. A ba da lambar rubutu daban, ta tsari daban. Idan masu ba da kyauta sun nace sai gwarzo ɗaya, a mai da tsari ƙofa: duk aikin da ya kai 10 bisa 20 a tsari ya wuce, daga nan rubutu kaɗai ke magana. Wanda bai kai ba amma rubutunsa yana cikin takwas na sama, a ba shi mako guda da zubin harafi mai lanƙwasa ya gyara, maimakon a jefar da shi.

Kafin a buɗe ambulan, a ɗauki jimla biyu daga kowane aiki na takwas ɗin a nema a intanet tsakanin alamun zance, don kama wanda ya kwafo. Bayan an buɗe, a kira uku na sama hira ta minti goma, a tambaye su inda suka samo bayani da dalilin da ya sa suka fara yadda suka fara. Wanda aka rubuta wa, ko wanda na'ura ta fassara masa, ba ya jure tambaya ta uku. Idan biyu suka yi daidai a ƙuri'a, a duba karawar da suka yi da juna, wanda alƙalai biyu cikin uku suka zaɓa shi ne gaba. Shi ya sa yawan alƙalan zagayen ƙarshe ya zama 3 ko 5, kuma wannan dokar ma a rubuta ta cikin sanarwa, kowane alƙali ya sa hannu a kanta kafin a raba masa tarin farko.